Tsofaffin lambobin update-rc.d: a kama su tun wajen duba ƙunshi ko a ƙyale?

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da matsala da kuma shawara da nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Akwai wata ƴar manhaja da na gada a wurin aiki, tana kwashe fayiloli daga kwamfuta tana tura su sabar ajiya, an naɗe ta a ƙunshin .deb tun shekarun baya. Ba kowace kwamfuta ake so ta kunna ta ba, biyu ne kawai a cikin ɗakin. Satin da ya wuce muka sake girka Debian a kan kwamfutoci tara, na sa ƙunshin kamar kullum, na ga wannan layin ya wuce a allo:

update-rc.d: warning: start and stop actions are no longer supported; falling back to defaults

ban tsaya a kai ba tunda girkin ya kammala. Da daddare aka ɗauke wuta, da safe aka tayar da janareto, kwamfutocin nan tara gaba ɗaya suka tashi da sabis ɗin a kunne suna ta tura fayiloli, kafin azahar datan wata ya ƙare. Da na buɗe postinst, wato sikirif ɗin da ke gudana bayan an girka ƙunshin, sai ga wannan (ajiyad shi ne sunan sabis ɗin):

update-rc.d ajiyad stop 20 0 1 2 3 4 5 6 .

Tambayata ita ce, irin wannan ba aikin mai duba ingancin ƙunshi ba ne ya kama shi tun kafin a girka? Ina so in sa binciken a CI ɗinmu, wato tsarin da ke gwada ƙunshi da kansa kafin ya fita, amma ban san yadda ya dace in tsara shi ba.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Sannu Auwalu, Allah ya mayar da alheri. Wanda ya rubuta layin nan ya san abin da yake yi, a zamaninsa daidai ne. Bari in maka bayani don ka san abin da za ka nema. A tsohon tsarin tashin kwamfuta na SysV, sikirif yana zaune a /etc/init.d, sannan akwai manyan fayiloli rc0.d har zuwa rc6.d da kuma rcS.d, a cikinsu mahaɗai ne kawai masu nuni zuwa sikirif ɗin. Wanda sunansa ya fara da S kunnawa ne, wanda ya fara da K kashewa ne, lambar da ke biye kuma ita ce layin da zai bi, S20 kafin S80. Mataki na 0 kashe kwamfuta, 6 sake tashi, 1 na gyara, 2 zuwa 5 aikin yau da kullum. To shi mutuminka ya ce a sa K a dukkan matakai, ma'ana a yi wa sabis ɗin rajista amma kar ya tashi sai mai kula da kwamfutar ya kunna da hannunsa. Dabara ce da muka sha yi. Yanzu kuwa update-rc.d, wato umarnin da ke shirya mahaɗan nan, ba ya sauraron lambobin nan ko kaɗan, sai ya koma ya karanta goshin sikirif ɗin, wato layukan bayani da ke samansa, waɗanda ake kira goshin LSB. Je ka duba layin Default-Start a can, na tabbata 2 3 4 5 za ka gani

Auwalu: Wallahi Malam haka ne, Default-Start: 2 3 4 5. Amma abin da ya ɗaure min kai, tsofaffin kwamfutocin da aka ɗaga su daga tsohon Debian zuwa sabo ba su yi haka ba, ƙunshi ɗaya ne kuma

Malam Nura: Saboda su suna da mahaɗansu tun da. Idan update-rc.d ya tarar akwai mahaɗin sabis a rc?.d ba ya juya zaɓin da ya tarar, don kar ya ɓata abin da mai kwamfuta ya tsara. Sabon girki ne kawai ke faɗawa ramin. Shi ya sa irin wannan kuskuren ke kwana shekaru a ƙunshi ba wanda ya sani.

Ya Habu: Ni fa ban ga dalilin ɓata lokaci a kan wannan ba. Debian ta koma systemd, sabon tsarin tashin kwamfuta, tun Jessie a 2015, Ubuntu ma ta bar nata tsarin Upstart a 15.04 shekarar nan dai. Su kansu masu systemd sun sanar tun 2023 cewa tallafin sikirif ɗin SysV ya tsufa za a cire shi. Ka rubuta fayil ɗin .service na systemd layi goma ka goge init.d ɗin ka huta ƙanena, me za ka yi da binciken abin da ya mutu

Ummi: Ya Habu maganarka gaskiya ce a kan ƙunshin Auwalu guda ɗaya, amma tambayarsa ta fi haka faɗi. Ai kwamfutocin da abin ya faru a kansu systemd suke gudu ko ba haka ba Auwalu? Kuma bai hana ba. Akwai systemd-sysv-generator, shi ke ɗaukar sikirif ɗin init.d da ba shi da .service ya mayar da shi sabis lokacin tashi, kuma mahaɗan rc?.d yake dubawa ya san ko a kunne yake. Don haka layin update-rc.d yana da tasiri har yau. Abin da bai mutu a kan sabar mutane ba bai mutu ba, ko da takarda ta ce ya tsufa.

Auwalu: Eh Anti Ummi, systemd ne a kansu duka

Ummi: To ka gani. Tambaya ɗaya kafin komai, da me kake gina ƙunshin, kuma kana gudanar da lintian a kai?

Auwalu: dpkg-deb --build kawai, haka na tarar ana yi. lintian na ji sunansa amma ban taɓa sa shi ba

Ummi: To daga nan za ka fara kafin ka rubuta naka. lintian shi ne mai duba ƙunshin Debian, tun 1998 yake, da Perl aka rubuta shi, yana buɗe ƙunshi ya auna shi da dokokin Debian Policy ya fito maka da jerin abubuwan da ya gani, kowanne da harafi a gaba. E kuskure, W gargaɗi, I sanarwa, P na tsananin bin ƙa'ida. Yana da bincike da yawa a kan init.d, misali init.d-script-missing-lsb-section idan babu goshin kwata-kwata, da init.d-script-missing-dependency-on-remote_fs idan sikirif yana amfani da abin da ke /usr bai faɗa ba, akwai ma wanda ke kama postrm da bai cire rajistar sabis ba. Ka gudanar da lintian -i -I a kan .deb ɗin, -i zai ba ka bayanin kowane abu, ka ga me ya faɗa, sannan abin da ya rage ka cike da naka.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Ya Habu ina girmama ka amma kalmar "ya mutu" ta yi nauyi. Ni Devuan, reshen Debian marar systemd, nake amfani da shi a kan tsofaffin injina uku, sysvinit ne ke tayar da su kowace safiya kuma lafiya lau. Kuma ko a Debian ɗin kanta, ƙuri'ar da masu haɓaka ta suka kaɗa a Disamba 2019 cewa ta yi systemd ne a gaba amma ana goyon bayan gwada wasu hanyoyin. Ba a ce a goge ba. Abin da nake so mutane su gane shi ne ba systemd ne ya kashe lambobin nan ba, sun mutu tun kafin ya zo Debian. Squeeze a 2011 ne ya mayar da tashi bisa dogaro ya zama na asali, da insserv da aka ɗauko daga SUSE, Petter Reinholdtsen ya sha wahalar bin ƙunshi ɗaya bayan ɗaya ana sa musu goshin LSB. Daga lokacin insserv ke lissafa lambar da kansa daga Required-Start da Required-Stop. Don haka ko a injina da ba su da systemd, wanda ya rubuta start 20 2 3 4 5 . da iska yake magana.

Ya Habu: Na yarda da tarihin, ban san insserv ne ya fara ba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa maganin dindindin .service ne

Malam Nura: Ba wanda ya hana .service Habu. Ya rubuta, ya kyautu ma. Amma ka lura ko ya rubuta .service in ya bar sikirif ɗin init.d da layin nan a postinst don irin su Ɗan Maraɗi, matsalar na nan zaune.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke gyarawa. Sai mutum ya ga gargaɗin ya je ya goge lambobin ya rubuta defaults, gargaɗi ya ɓace, ya ce ya gama. Alhali bai canza komai ba, abin da update-rc.d ke yi da kansa shi ya rubuta a fili. Lambobin nan niyyar wani ce a rubuce. Wani ya sa 19 maimakon 20 don yana so sabis ɗinsa ya riga wani tashi, wani ya sa start a S kawai don abin nasa na farkon tashi ne kafin a haɗa netwok, wani kamar mutumin Auwalu ba ya so ya tashi sam. Kafin ka goge sai ka tambayi kanka me yake nufi, ka kai nufin inda ake karantawa yanzu. In jeri ne, Required-Start ko Should-Start ko X-Start-Before. In mataki ne, Default-Start da Default-Stop. In kuma kashewa ce, akwai update-rc.d ajiyad defaults-disabled, an yi shi ne musamman don wannan, in kuma da debhelper, kayan gina ƙunshin Debian, kake aiki, dh_installinit --no-enable. Don haka Auwalu in za ka rubuta bincike, saƙon da zai fitar ya faɗi wannan, kar ya ce wa mutum "goge" kawai.

Auwalu: Na gode Malam, defaults-disabled ɗin nan ban san da shi ba. To ga abin da na fara rubutawa, grep -E 'update-rc.d.*(start|stop)' a kan postinst. Ya isa?

Ummi: Zai kama naka amma zai kama marasa laifi da yawa, kuma zai bar wasu masu laifin su wuce. Ka duba. Layin da ya fara da # sharhi ne, wani zai rubuta bayanin tsohon layin a sharhi ka kama shi. Sabis da sunansa ke ɗauke da kalmar, a ce wani abu-autostart, update-rc.d abu-autostart defaults daidai yake amma rejeks ɗinka, wato salon rubutun da ka ba grep ya nema, zai yi ihu. Sannan layi ɗaya mai umarni biyu, update-rc.d abu defaults && invoke-rc.d abu start, shi ma halal ne, start ɗin na invoke-rc.d ne kuma wannan bai tsufa ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma mutane na raba umarni da \ a ƙarshen layi, update-rc.d a sama start a ƙasa, grep ba zai gani ba sai ka fara haɗe layukan. Abin da kake nema shi ne kalmar da ke biye da sunan sabis kai tsaye, bayan ka tsallake irin su -f. Ita za ka auna.

Baban Khadija: ƙarin abu ɗaya, akwai defaults da lamba a baya kamar update-rc.d abu defaults 80 20, shi ma lambobin ba sa aiki a tsarin dogaro. in kana yi ka haɗa da shi

Auwalu: Madalla. To in sunan a cikin canji yake fa, kamar update-rc.d $NAME $OPTS?

Ummi: $NAME ba matsala tunda ba ruwanka da sunan. $OPTS kuwa ka haƙura, mai duba rubutu ba ya gudanar da sikirif, ba zai san me ke ciki ba. Don irin wannan ne ake da piuparts, shi yana girka ƙunshin da gaske a cikin keɓaɓɓen wuri ya ɗaga shi ya cire shi ya ga ko ya bar datti. A CI ɗinka ma za ka iya yin mai sauƙi, ka girka ƙunshin a sabuwar kwantena ka ajiye abin da ya fito a allo ka nemi "no longer supported" a ciki, sannan ka duba ls /etc/rc2.d ka ga S ne ko K. Wannan na biyun shi ne da ya cece ku datan nan.

Malam Nura: Akwai kuma maganar ina za a duba, a tushe ko a ginannen ƙunshi. Yawancin ƙunshin Debian ba sa rubuta update-rc.d da hannu, debhelper ne ke rubuta musu a inda aka sa #DEBHELPER# a postinst. Mai ƙunshi sai ya sa a debian/rules wani abu kamar dh_installinit -- start 20 2 3 4 5 . stop 80 0 1 6 . ko ya yi da --update-rcd-params, duk abin da ya bayar a kwafe shi cikin postinst. In ka duba postinst na cikin .deb za ka kama duka biyun, na hannu da na debhelper, hanya ɗaya. Matsalar sai mai ƙunshi ya buɗe debian/postinst nasa ya ga babu layin ya ce mai binciken ƙarya yake. In kuma ka duba debian/rules kana fama da Makefile, da canje-canjensa da override_dh_installinit da sauransu. Ni na fi son a duba ginannen, amma in layin yana ƙarƙashin sharhin nan na Automatically added by dh_installinit saƙon ya ce a je debian/rules.

Ummi: A nan na ɗan saɓa da kai Malam, da girmamawa. Masu bincike da yawa suna tsallake ɓangaren da debhelper ya rubuta da gangan, saboda ba laifin mai ƙunshi ba ne abin da ke ciki. In Auwalu ya kwaikwayi wannan ɗabi'ar ba tare da ya sani ba zai rasa rabin masu laifin. Shi ya sa nake ganin a yi duka biyun, kowanne da gwajinsa.

Malam Nura: Ba saɓani ba ne 'yata, ƙari ne, kuma na karɓa. Ya dai tabbatar kar abu ɗaya ya fito sau biyu mutane su gaji da shi

Ya Habu: To tunda kun dage, wane mataki za a ba shi? Ni I zan ba shi. Umarnin bai faɗi ba, girki ya kammala, kuma a mafi yawan ƙunshi lambobin da goshin abu ɗaya suke faɗa, 2 3 4 5 nan 2 3 4 5 can. In ka sa W a kan ɗaruruwan ƙunshin da ba abin da ya same su, mutane za su koyi kau da kai daga W, ranar da na gaske ya zo ba mai gani. Na ga wurin da fayil ɗin lintian-overrides, inda ake rufe bakin gargaɗi, ya fi postinst tsawo saboda haka

Ɗan Maraɗi: Wannan magana ce mai ma'ana Ya Habu, amma I ba ya fitowa sai an sa -I, kuma mutum nawa ke sawa? Wanda ya fi buƙatar gargaɗin shi ne wanda bai san da tutar ba.

Auwalu: Ni da abin ya ci ni E nake so wallahi, CI ya tsaya cak kar ƙunshin ya fita

Baban Khadija: a naku CI ɗin ka sa ya tsaya mana, ƙunshinku nawa ne duka duka. amma a babban rumbu kamar na Debian E abu ne mai nauyi, wasu daga ciki ma ana ƙin karɓar ƙunshi saboda su tun a bakin ƙofa

Ummi: Me zai hana a raba shi biyu? Ai mai binciken yana da duka bayanan a hannunsa, postinst na nan, sikirif ɗin init.d na nan cikin ƙunshi ɗaya. Ya ciro matakan da aka rubuta bayan start da stop, ya ciro Default-Start da Default-Stop, ya gwama. In sun yi daidai, tsohon rubutu ne kawai marar cutarwa sosai, a ba shi mataki mai sauƙi. In sun saɓa, to ƙunshin yana yin abin da mai shi bai nufa ba, wannan a ɗaga murya. Kuma mafi tsanani shi ne irin na Auwalu, stop ba start alhali goshin yana da Default-Start.

Malam Nura: Wannan ita ce. Kuma ba sabon abu ba ne, shi kansa update-rc.d a zamanin Squeeze da Wheezy yana yin wannan gwamawar, yana gargaɗi cewa matakan da ka bayar ba su dace da na LSB ba. Da aka daina karanta lambobin sai gwamawar ta tafi tare da su. Abin da kawai gwamawar ba za ta gani ba shi ne jeri, wanda ya sa 19 don ya riga 20. Wannan sai ɗan adam ya zauna ya karanta, shi ya sa ko mai sauƙin ban so a ɓoye shi gaba ɗaya.

Ya Habu: Rabawar ta yi min. In haka ne na janye I ɗina a kan masu saɓani. Amma Auwalu don Allah ka rubuta .service ɗin ma, ka sa After=network-online.target da Wants ɗinsa tunda abin naka netwok yake buƙata, kuma kar ka kunna shi a postinst

Auwalu: In sha Allah Yaya, zan yi duka. Wata tambaya, na ga a /etc/default/ajiyad akwai layi ENABLED=1, kuma sikirif ɗin na dubawa kafin ya tashi. In na mayar da shi 0 ba shi ke nan ba?

Ɗan Maraɗi: Zai yi aiki amma kar ka bi nan. Ita ma tsohuwar hanya ce, sashe na 9.3 na Debian Policy ya hana ta, lintian ma yana da init.d-script-should-always-start-service a kanta. Illar ita ce tsarin tashi yana ganin sabis a kunne alhali a kashe yake, ka buga service ajiyad start ya dawo shiru kamar ya yi, ka yi awa kana neman dalili. Makunni ɗaya ya isa, na update-rc.d enable da disable.

Baban Khadija: kuma in kana son misalai na gaske da za ka gwada rejeks ɗinka a kai, shiga codesearch.debian.net ka nemi update-rc.d da start, za ka ga salon rubutu kala-kala da ba za ka taɓa tunaninsu da kanka ba

Auwalu: Na gudanar da lintian yanzun nan a kan .deb ɗin, abubuwan da ya fito da su sun cika allo, har da cewa postrm ba ya cire rajistar sabis ɗin, ashe shi ya sa nake ganin matattun mahaɗai a tsofaffin injinan. Zan mayar da ginin kan debhelper in daina dpkg-deb da hannu. Malam tambaya ta ƙarshe, kwamfutoci taran nan da suka riga suka sami S, in na gyara ƙunshin zuwa defaults-disabled na ɗaga su za su koma K da kansu?

Malam Nura: A'a, ka tuna abin da na faɗa maka da farko, ba ya taɓa zaɓin da ya tarar. Sai ka bi su ɗaya-ɗaya da update-rc.d ajiyad disable, ko ka yi da ssh a madauki, ban da biyun da ake so. Ka tsayar da sabis ɗin ma da hannu don disable ba ya kashe wanda ke gudu. Sannan ka sake tayar da guda ɗaya a gabanka ka gani da idonka kafin ka tashi daga aiki.

Ummi: In ka gama binciken ka turo shi nan Auwalu, tare da fayilolin gwajin, aƙalla guda shida: mai sharhi, mai \, mai &&, mai suna autostart, na debhelper, da naka na stop kaɗai. Ina da ƙunshi huɗu a wurinmu da nake zargi, zan gwada a kansu daren yau.